Gani Ya Kori Ji: Shawara Ga Masu Shirin Sharhin Fim

Gabatarwa

Tun da aka sanar cewa kowane rukuni a ajinmu zai gabatar da sharhin fim ɗin Hausa guda ɗaya kafin ƙarshen zangon karatu, muhawarar da ake yi ba ta wuce ta wane fim za a ɗauka ba. Wasu na son tsohon fim, wasu kuma na son mai dogon zango da ake yayi. Ni kuwa a ganina akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wato idan mun zaɓi fim ɗin, me za mu duba a cikinsa? Ra'ayina shi ne, duk sharhin da bai taɓo aikin kyamara da tace hoto da sauti ba, sharhin labari ne kawai, bai kai ga fim ba tukuna. Wannan shi ne abin da nake son in jawo hankalin 'yan uwana ɗalibai a kai tun kafin aiki ya yi nisa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ma'aunin Da Muka Saba Da Shi

A darussan adabi an koya mana mu fito da jigo, mu warware shi, mu duba zubi da tsari, da salo, da taurari. Ma'auni ne mai kyau, kuma malamai irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sun sha wahala kafin su kafa wa waƙa gadon fiɗarta. To amma kowace dabba da irin fiɗar da ake yi mata. Idan aka ɗora fim a kan gadon ƙagaggen labari, abin da ke fitowa shi ne taƙaitaccen labari, da jerin sunayen jarumai, sai kuma hukunci cewa fim ɗin ya faɗakar ko ya ɓata tarbiyya. Irin wannan sharhi, wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba ma zai iya rubuta shi, muddin wani ya ba shi labarinsa a cikin motar haya.

Masana'antar da muke magana a kanta ba jaririya ba ce. An yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976, Adamu Halilu ya ba da umarni. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin farkon finafinan Hausa na bidiyo. Mujallar Fim ta fara fitowa a 1999. A 2024 kuwa fim ɗin Hausa mai suna Mai Martaba ne Nijeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar. Sana'ar da ta yi wannan tafiya ta cancanci masu sharhin da suka san yadda ake ƙera ta.

Abin Da Kyamara Take Faɗa

Bari mu ɗauki fitowar da kusan kowane fim ɗin Hausa yake da irinta: saurayi ya je gaida mahaifin budurwarsa a zaure. Maganar da za a yi ba ta da yawa, gaisuwa ce da muka haddace tun a aji ɗaya. Amma darakta yana da zaɓi iri-iri. Zai iya ajiye kyamara daga nesa, mu ga dattijo a kan kujera ko buzu, saurayi tsugune a bakin ƙofa, tazarar da ke tsakaninsu ta gaya mana matsayin kowa. Zai iya matsowa kusa da fuskar saurayin, mu ga idonsa a ƙasa da gumi a goshinsa. Zai iya sauko da kyamara ƙasa ta kalli dattijon daga inda saurayin yake, sai dattijon ya cika allon da kwarjini. Kalmomin ba su canja ba, amma ma'ana uku ce ta fito. Ɗalibin da ya rubuta cewa fitowar ta nuna ladabi da kunya bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya mana ta yaya ta nuna ba, alhali nan ne aikin yake.

Haka abin yake ga tace hoto, wato yanka hotunan da aka ɗauka da jera su. A wajajen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji da ya shahara. Ya ɗauki hoton fuskar jarumi guda ɗaya wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton akwatin gawa, sannan da hoton wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a karo na farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku, alhali fuskar ɗaya ce. Darasin shi ne hoto yana samun ma'anarsa daga maƙwabcinsa, kamar dai yadda kalma take samun tata a cikin jimla. Mu da muke nazarin ginin jimla bai kamata wannan ya zama baƙo a gare mu ba.

Wannan darasi ya fi tasiri a finafinan Hausa, domin bisa al'adarsu masoya ba sa taɓa juna a gaban kyamara, kuma tun 2001 akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da ke sa ido a kan irin waɗannan abubuwa. To ta yaya darakta zai nuna soyayya? Sai ya koma ga kallo da kau da kai, ya yanka daga idonsa zuwa idonta, ya jinkirta a kan murmushi, ko ya buɗe fagen waƙa. Saboda haka waƙar nanaye da kiɗan fiyano da ke cikin fim irin su Sangaya abin nazari ne. Mai sharhi ya tambaya: a wane gurbi na labarin waƙar ta shigo? Me ta faɗa wanda bakin taurarin ya kasa faɗa a zaure? Sau nawa aka canja sutura da wuri a cikinta? Wanda ya tsallake waƙar da cewa kwaikwayon Indiya ce ya bar jaki yana dukan taiki. Idan ma kwaikwayon ne, sai ya ajiye fitowar Indiyan kusa da ta Hausan, ya nuna mana abin da aka ɗauko da abin da aka sauya.

Yadda Nake Ganin A Tsara Aikin

Shawarata ta farko ita ce a rage buri. Rukuni ya kalli fim ɗin gaba ɗaya don ya san inda aka dosa, sannan ya ware fitowa biyu ko uku waɗanda kowace ba ta wuce minti biyar ba. Wanda ya ce zai feɗe fim mai dogon zango irin Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a tashar Arewa24 a 2020, daga farko har ƙarshe, zai ƙare ne da ba da labari.

Ta biyu, kowace fitowa a kalle ta sau uku. Karo na farko yadda take. Karo na biyu a kashe sauti, a bar ido ya yi aikinsa. Karo na uku a juya wa allon baya, a saurara kawai: ina kiɗa ya shigo, ina aka yi shiru, ana jin kukan kaji da sallamar maƙwabta ko kuwa muryoyin taurari ne kaɗai?

Ta uku, a yi jadawali. Duk inda hoto ya yanke a ba shi lamba, a rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka, daga nesa aka ɗauko shi ko daga kusa, kyamara na tsaye ko tana tafiya, daga ina haske yake zuwa, me kunne yake ji. Wayar hannu da takarda sun isa wannan aiki. Da jadawalin a hannu, maimakon mu ce fitowar ta yi jan rai, za mu iya cewa gaisuwar ta ɗauki daƙiƙa kaza ba tare da an yanka ba, kuma ga abin da hakan ya jawo.

Ta huɗu, a raba aiki bisa sana'a: wani ya riƙe kyamara da haske, wani tace hoto, wani sauti da waƙa, wani sutura da wurin ɗauka, wani kuma harshe da karin magana. A ƙarshe a zauna a ɗinke su da jigo, domin dabara ba ta da amfani a sharhi sai an nuna abin da ta yi wa saƙon. Rukunin da ya samu kwafin Shaihu Umar, wanda aka gyara aka nuna a bikin finafinai na birnin Balin a 2018, yana da babbar dama, tun da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana hannunmu. A littafin, malamin ne da bakinsa yake ba almajiransa labarin rayuwarsa. Yaya kyamara ta yi da wannan murya? Me ta nuna na hamada wanda alƙalami ya faɗa a jimla ɗaya?

Ga Masu Ja

Na ji wasu na cewa mu ɗaliban harshe ne, aikin kyamara na 'yan sashen wasan kwaikwayo da aikin jarida ne. Amsata ita ce, ba cewa aka yi mu shirya fim ba, karanta shi aka ce mu yi, kuma ba a karatu da rabin haruffa. Mai nazarin waƙar baka ba makaɗi ba ne, amma ba ya yin shiru a kan kalangu da amshi.

Wasu kuma na cewa Hausa ba ta da kalmomin wannan fanni. Duk mai wannan zato ya daure ya karanta sunayen da ke wucewa a farko da ƙarshen fim. Zai ga ba da umarni, da shiryawa, da ɗaukar nauyi, da ɗaukar hoto, da tace hoto, da ci gaban shiri, da kwalliya. Masu sana'ar sun riga mu fara aikin. Zai kuma lura cewa kalmar tacewa tana ɗauke da kaya biyu, aikin edita da aikin hukuma, wanda shi kansa abin tattaunawa ne ga ɗalibin ilimin ma'ana. Inda aka rasa kalma, sai rukuni ya ƙirƙiro, kamar ɗaukar nesa da ɗaukar kusa, ya kai wa malami ya duba. Idan kowane rukuni ya liƙa jerin kalmominsa a bayan aikinsa, cikin 'yan shekaru sashenmu zai tara ɗan ƙamus.

Akwai kuma masu fargaba irina, waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce a gare mu, masu ganin cewa 'yan asalin harshe za su fi mu kama zaurance da habaicin taurari. Gaskiya ne za su fi mu. Amma mu da muka fara kallon waɗannan finafinai tun kunnenmu bai gama buɗewa ba, da ido muka riƙa bin labari: wa ya tsuguna, wa ya kau da kai, wa aka bari shi kaɗai a allo. Wannan horo ne da ya kamata mu kawo wa rukuni. Abin da ya shige mana duhu na al'ada kuwa, unguwar Sabo ba ta da nisa, a je a nuna wa dattawa da matasa fitowar, a ji yadda suka fahimce ta.

Kammalawa

Sharhin da za mu rubuta ba don maki kaɗai ba ne. A cikinmu akwai waɗanda gobe za su koyar da Hausa a sakandare, da masu shiga gidajen rediyo da jaridu, kuma irin sharhin da muka koya a nan shi za mu kai can. Idan abin da muka iya shi ne yabo da tsinuwa, darakta ba zai ƙaru da mu ba, mai kallo ma haka. Idan kuwa muka iya nuna masa cewa a minti kaza ya yanka da wuri har ya kashe kukan uwar, ko kuma shirun da ya bari a zaure ya fi dogon jawabi, to ya samu abokin aiki. Ina roƙon shugabannin rukunoni su sa jadawalin nan a cikin tsarinsu tun daga zaman farko, malamanmu kuma su ware masa kaso a cikin maki. Allah ya ba mu sa'a, amin.