Dokin Ƙofa da Keken Ƙanwata: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Maginan Azagor

Zuwa ga iyayena da yayyena magina na Azagor da ƙauyukan gefen kwarin Tarka, da masu walda da ke ƙera mana ƙyamare, da iyayenmu mata masu daɓe da jere.

Ina gaishe ku da aiki, da fatan an yi kaka lafiya, gero ya shiga rumbu. Na san yanzu ne kuke fara jiƙa ƙasa, shi ya sa na ce bari in yi magana tun tubali bai bushe ba. Ku yi mini afuwa, ni ba magini ba ne, ban taɓa ɗora tubali bisa tubali ya kwana a tsaye ba. Ɗakin ƙanwata ne ya ba ni bakin magana a gabanku.

Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama. Da rarrafe ta girma, silifa a tafin hannu saboda zafin rairayi, sai da ta zama budurwa sannan ta samu keke. Da aurenta ya tashi, ango ya kira magini, gwani ne kuwa, mu dangin amarya muka ɗaura ɗamarar jere. Ɗaki ya fito tsaf: bango sumul, farar ƙasa har tana ɗaukar ido, gado mai rumfa da katifa biyu, kwalla da samira sun hau har kusa da rufi. Daren da aka kai ta sai keke ya cije a bakin ƙofa. Dokin ƙofa ya kai ɗani ɗaya da rabi, faɗin ƙofar kuma ya gaza na keken da kamar yatsu huɗu. Ƙawaye suka ɗauke ta cak suka shiga da ita ana ta guɗa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Keken ya kwana a waje kusa da turken awaki. Bayan kwana bakwai na je gaishe ta, na tarar da amarya, lalle bai dushe a hannunta ba, ta koma rarrafe cikin ɗakinta, ga kwanoni reras a sama, ko ɗaya hannunta ba ya kaiwa.

Ban ga laifin maginin ba, tunda mu da muka fito ciki ɗaya da ita ma ba mu tuna ba. Shi da abin da aka koya masa ya auna: kamunsa, takinsa, tsayinsa. Awon gininmu duk daga jikin mai tsayuwa aka ɗauko shi. Don haka idan aka kira ku gidan da akwai mai keke, ku ari keken, ku zauna a kai, ku tura kanku daga zaure zuwa inda za a kafa ɗakin, ku dawo. Yara za su yi dariya, ku ƙyale su. Sannan ku tambayi mai keken da bakinta, ba mijinta ko mahaifinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada a ce na ce a daina dokin ƙofa. Kakanninku ba don ado suka ɗaga shi ba. Shi ke tare ruwan malka, da rairayin da iskar hunturu ke turowa, yana kuma rage wa kunama hanya. A bar shi, amma a cike cikin ɗakin ya zo daidai da shi, a yi masa gangara daga waje. Awon da aka fi bi a duniya shi ne 1 cikin 12: kowane ɗani ɗaya na tsayi, ɗani 12 na tsawon gangara. Dokin da ya kai santimita 20 yana son gangarar santimita 240 ke nan, kusan kamu 5. Na san za ku ce ta cinye tsakar gida. To a kwantar da ita jikin bango, ta bi tsawon ɗakin. Abin da ba na so shi ne irin wadda na gani a ƙofar wata likita, gajera, tsaye kamar bayan rumbu, wadda ko ƙato mai lafiya ba zai hau da keke ba sai ya kifa ta baya. An yi ta ne don baƙi su gani. A saman gangarar kuma a bar wuri shimfiɗaɗɗe, kamu 3, inda keke zai tsaya bai zame ba yayin da ake buɗe ƙyaure. Ku duba bakin indararo kada ya zuba a kanta, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta mai da ita kwazazzabo.

Faɗin ƙofa santimita 90, kuma bayan an yi yaɓe an kafa ƙyaure ake aunawa, ba kafin nan ba. Keken turawa yakan kai 65 zuwa 70, ga gwiwar hannu da yatsun da ke riƙe da ƙafar keken, su ma suna son hanya. Masu walda, ƙyamaren da ake ƙerawa a jera a kasuwar Dakoro ko Maraɗi a jira mai saye ba za su yi wannan aiki ba, sai an faɗa muku awo tun ƙarfe bai ga wuta ba. Sakata ta sauko daidai ƙirjin mai zaune. Shi kuwa keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, na hanya ne, tsawonsa ya kusa mita 2, ba zai juya a ɗaki ba. A yi masa ƴar rumfa dab da ƙofa, don ƙarfen da ya sha ranar Afrilu ba ya taɓuwa.

Ɗakunanmu ƙanana ne, kuma kun fi ni sanin dalili: icen rufi ne ke yanke wa ɗaki faɗi, nan kuwa ba ƙasar giginya ba ce balle a samu azara a sauƙaƙe. Waɗanda suka koyi gini ba icce, irin wanda aka fara gwadawa a Cikal ta ƙasar Filinge a 1980, sun huta da wannan ɗaurin, ga bango mai kauri da za a iya huda wa ma'ajiya. Ko da wane rufi ne dai, abu ɗaya ba a taɓa shi: fili a tsakiyar ɗaki, kewayayye, mai faɗin santimita 150, inda keke zai juya. Ku kafa tsinke, ku zana da'irar a ƙasa tun ana fitar da tushe, ku nuna wa dangin amarya, ku ce nan ba na kaya ba ne. Tun ran gini ran zane.

Nan ne zan yi karo da iyayena mata, na sani. Inna, jere mutuncin ƴarki ne, ba mai musu. Amma kwalla hamsin da ba ta iya saukewa, na ƴan kallo ne. Hannun mai zaune yana aiki ne tsakanin santimita 40 zuwa 120 daga ƙasa. A cikin wannan tsakanin za a sa abin yau da kullum: tasar tuwo, kofin ruwa, man shafawa, turare, Alƙur'ani, makunnin fitilar sola, wurin cajin waya. Na ado zalla ya hau sama ya yi ta ƙyalli, ba wanda ya hana shi. Magina, maimakon kabad da zai ci rabin ɗaki, ku dawo mana da alkuki. Ku huda uku ko huɗu a jere cikin kaurin bango, ku zagaye bakinsu da zane. Ma'ajiya ce, ado ne, ba ta kuma ci ko taki ɗaya na fili ba.

Gado ya zo daidai da mazaunin keke, wajen santimita 45 zuwa 50 har da katifa, yadda za ta zame daga wannan zuwa wancan ba mai ɗaga ta. A nan gadon ƙasa na kakanni ya fi gadon ƙarfe hankali, don ku ke yanke masa tsayi. Igiyar gidan sauro ta sauko inda hannu zai kai. Madubi ma haka. Ƙanwata ta yi wata biyu ba abin da take gani a nata sai rufin ɗaki. Taga ta kalli tsakar gida, gindinta kada ya wuce kamu 2 daga ƙasa, don wanda ya fi kowa daɗewa a ɗaki shi ya fi kowa buƙatar ganin waje. Ƙaramin ɗaki ba ya son launi barkatai. Farar ƙasa a bango uku, zane ko dagi a bangon da ke fuskantar gado, ya wadatar. Daga ƙasa zuwa kamu ɗaya a ƙarfafa yaɓen, a shafa masa duhun launi, saboda matakin keke kullum sai ya daki bango.

Daɓe kuwa, iyayena, ku ne sarakansa. Wanda aka yi da tsakuwa, madaɓi ya ratsa shi, ya sha ruwan bagaruwa, keke yana gudu a kansa kamar kwalta. Kada a zo a rufe wannan aiki da leda mai naɗewa ko darduma mai kauri. Tabarmar kaba guda, a shimfiɗa in baƙi sun zo, a naɗe in sun tafi.

Sai lambu. Da aka gyara ɗakin, ƙanwata ta ce tana son ƴan ganye a bayan gida, ta samu na miya, ta sayar da ragowa. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa noman rani, mutanenmu sun san fangali da ban ruwa. Amma fangali a ƙasa yake, na mai sunkuyo ne. Ga rairayin Azagor da ke haɗiye ƙananan ƙafafun gaba na keke, a taki na biyu an kafe. Don haka lambun mai keke daga hanya yake farawa, kuma aikin magini ne kafin ya zama na manomi. Hanya mai faɗin santimita 120, a kwashe rairayin sama, a zuba jar ƙasa da tsakuwa amalanke biyu ko uku, a jiƙa, a daɓe, a ɗan ɗaga gefenta da tubali kada ƙafar keke ta zame. A ƙarshenta a bar wurin juyawa irin na ɗaki.

Fangalin a ɗaga shi ya kai santimita 60 zuwa 70. Faɗinsa kada ya wuce 60 in ta gefe ɗaya ake kai masa, ko 120 in hanya ta zagaye shi. Tubalin ƙasa zalla zai narke da ban ruwa, sai an sa bulo ko dutse, ko a shimfiɗa leda ta ciki a bar gindi a buɗe. Icce kuwa kyauta ce ga gara. Abin da ya fi yi mata daɗi rabin duro ne da aka tsaga a tsaye, mai walda ya ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe, gwiwoyinta suna shiga ƙarƙashi, tana fuskantar salatinta gaba da gaba ba tare da murɗa baya ba. Aibinsa saurin bushewa, sai a ƙarƙashin rumfa. Mutanen Lesoto suna da wani lambu kewayayye da aka ɗaga da duwatsu, da kwandon taki a tsakiya inda ake juye ruwan da aka yi aiki da shi, don marasa ƙarfi aka yaɗa shi. Lungun shigarsa ya yi wa keke kaɗan, amma dabarar kwandon abar ɗauka ce a ƙasar da sai jaki ko raƙumi ya ja guga kafin a ga ruwa. Ruwan alwala kaɗai, in ya bi ta nan, zai riƙe yakuwa.

Lita 10 ta ruwa kilo 10 ce, ba a ɗora wa mai tura keke da hannu biyu. A binne tulu marar shafe har wuya a tsakiyar fangali, a cika, a rufe bakinsa, shi zai riƙa tsatsowa saiwa tana sha. Ko a ɗora jarka bisa ginin da ya ɗara fangalin tsayi, a sa mata tiyo. Zogale a riƙa sare kansa daidai ƙirjin mai tsayuwa, ya yi rassa ƙasa-ƙasa, in an bar shi zai tafi sama da ganyensa.

Akwai abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na ga tafin hannunta: ƙarangiya. Tana maƙalewa a tayar keke, taya ta juyo da ita ta kawo wa hannu. Tsidau kuma ya fasa tayar, a rasa mai faci sai ranar kasuwa. Shingen ƙayar magarya ko aduwa yana da kyau saboda awaki, amma ya yi nesa da hanya, wajen ƙofar lambu a sa darni ko zana, a kuma riƙa share hanyar.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, a Disamban 2019 kuma aka yi dokar ƙasa a kan sha'aninsu. Madalla. Sai dai ba wani jami'i da zai zo daga Yamai ya auna ƙofar ɗakin amarya a Azagor, a hannunku abin yake. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an raba Afirka da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna aure suna haihuwa. Ga waɗanda babur ya karya, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga tsofaffin da gwiwa ta ƙi. Baba magini, kai ma da kake hawa bango yau kamar ƙadangare, akwai ranar da ɗani ɗaya zai zame maka tudu.

Gyaran ɗakin ƙanwata ya ci kwana uku, da sabon ƙyaure, da zanen bakin ƙofa da aka fasa ana ji ana gani. Da an tambaya tun farko, ko dala ba za a ƙara ba sai kuɗin ƙasar gangara. Ina roƙonku, kafin ku fitar da tushen farko na bana, kowa ya yanki sanda mai santimita 90 ya haɗa da kayan aikinsa, in ya shiga gida ya tambaya ko akwai mai keke ko tsohon da tafiya ta fara yi wa wuya.

Allah ya tsare ku daga faɗuwa, ya sa albarka a sana'a. Wassalam.

Ɗanku kuma ƙanenku.