Zauren 'Yanmata: Motar da Ta Durƙusa



Wani sabon yayi ya shigo wa samarinmu na Kinkinau. Mutum zai samu 'yar motarsa mai gudu, sai ya kwance tayoyi a ƙofar gida, ya yanke sifirin ko ya gasa shi da wutar walda, wai don motar ta kwanta ƙasa ta burge budurwa.

To ku saurara. Sifirin nan shi ke ɗauke da nauyin mota. In aka gasa shi ƙarfen ya yi rauni, yana iya karyewa ana tsaka da gudu. In aka yanke shi, yana iya zamewa daga mazauninsa. Shokozoba ta mutu, taya ta cinye gefe guda. Ga damina, ga ramukan lungunanmu: kaskon baƙin mai ya daki dutse, mai ya tsiyaye, inji ya buga.

Ku tuna Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kakuri a 1975. Tsayinta daga ƙasa ne ya sa ta jure hanyoyinmu. Motocin tseren Turai kuwa, shimfiɗaɗɗen titi suke hawa, kuma injiniyoyi ke auna musu sifirin na musamman.

Gaskiya yabonmu ne ke zuga su. In ya zo zance da durƙusasshiyar mota, 'yar uwa kada ki yaba, kada ki shiga. Ce masa ya je Panteka ya sayo sabon sifirin, ƙwararren bakanike ya ɗaura masa. Wanda bai ji tausayin ransa ba, ta yaya zai riƙe amanar naki?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.