A Mara wa Jami'in Shige da Fice Baya, Amma Kada a Mai da Shi Sandar Siyasa

Duk sa'ad da aka yi wani babban fashi ko tashin hankali a Ikko, maganar da kan fara fitowa daga bakin 'yan siyasa ita ce ta baƙin haure. Wannan ya ce a tsare iyaka, wancan ya ce a ƙara wa jami'an shige da fice ƙarfi don su tsince bare daga cikin 'yan gida. Magana ce mai daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma fa mutanen Zangon Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago su ya kamata su fi kowa kasa kunne, domin in aka saki wannan magana ba linzami, ƙofarsu ake fara ƙwanƙwasawa.

Dalili kuwa a fili yake. Iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma Turawan Ingila da na Faransa da suka shata ta, tsakiyar dangi suka bi. Mutumin Maraɗi da na Katsina harshensu ɗaya, rigarsu ɗaya, hularsu ɗaya, haka kuma na Ƙonni da na Illela. Wanda bai taɓa ƙetare Kwara ba, in ya ga mai gadi ko mai shayi ko mahauci a Oko-Oba, ba shi da yadda zai bambanta su da ido. Saboda haka in aka ce a kama baƙo bisa kamanni, ɗan Daura da ɗan Damagaram mota guda za a zuba su.

Wannan ba ya nufin aikin jami'an shige da fice ba shi da amfani. Ƙasar da ba ta san mai shigarta da mai fita ba, gida ce marar ƙyaure. Shi ya sa aka raba wannan aiki daga na 'yan sanda a 1958, aka kuma kafa masa doka tasa a 1963, wadda aka sabunta a 2015. Mutanen Kano sun ɗanɗana kuɗar sakaci. Muhammadu Marwa Maitatsine, mutumin ƙasar Kamaru, an kore shi daga Kano a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, amma daga baya ya komo ya kafa sansani a 'Yan Awaki ba wanda ya tare shi. A rikicin Disamba 1980, hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka rasa rayukansu. Ko da yake yawancin mabiyansa 'yan ƙasa ne, babu mai musun cewa da an sa ido a kan wanda aka riga aka kora, da watakila ba a kai ga haka ba. Jami'in da ke kwana a bakin iyakar Jibiya ko Maigatari ko Seme, cikin sauro da hunturu, rayukan jama'a yake tsaro, kuma ya cancanci a mara masa baya.

To, amma goyon baya iri biyu ne. Akwai na wanda yake so jami'i ya yi aikin doka, akwai kuma na wanda yake so jami'i ya yi masa aikin da shi kansa yake jin kunyar yi. Na biyun nan shi ne abin tsoro, kuma Nijeriya ta ga misalinsa tun ba a je ko'ina ba a Jumhuriya ta Biyu.

Ran 24 ga Janairu 1980, jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, suka fitar da shi zuwa Cadi bisa umurnin Ministan Harkokin Cikin Gida, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Shugaba ɗan jam'iyyar GNPP ne, Gwamnatin Tarayya kuwa tana hannun NPN. Babbar Kotu a Maiduguri ta yanke hukunci cewa ɗan ƙasa ne, korarsa kuma ta saɓa wa tsarin mulki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tsaya a kan haka. Jami'an da aka aika umurni suka bi, amma su aka bari da jin kunya. In har za a yi wa zaɓaɓɓen ɗan majalisa haka a garinsu, ina ga ɗan ci-rani mai tura baro a Mile 12, wanda ba shi da lauya ba shi da jam'iyya?

Sai kuma 1983. Kuɗin mai ya faɗi, masana'antu suna sallamar ma'aikata, ga zaɓe yana tafe a watan Agusta. Ran 17 ga Janairu, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. An ƙiyasta mutanen da suka fita sun kai wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran kuma daga Nijar da Cadi da Togo da Benin da Kamaru. Jama'a suka yi cincirindo a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme, ga shi Gana ta rufe tata iyakar tun watanni kafin nan, sai a ƙarshen Janairu ta buɗe. Wasu suka mutu a turmutsutsu, wasu a kan hanya. Jakar nan da har yanzu ake kira Gana-mas-go, tun daga wannan lokaci ta sami suna. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta maimaita, ta ba wa mutum kimanin 700,000 wa'adi zuwa 10 ga Mayu, har aka tara dubbai a sansanin alhazai da ke kusa da filin jirgin sama na Ikeja, nan kusa da Agege.

Abin tambaya shi ne, me aka samu? An kori baƙi a 1983, amma rikicin 'yan Tatsine ya sake ɓarkewa a Jimeta a 1984, ya kuma ɓarke a Gombe a 1985. Fashi bai ƙare a Ikko ba, aikin yi bai wadata ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kora sun lallaɓo sun komo ta hanyoyin da suka bi tun farko. Kora ta mako biyu tana cika shafin jarida, amma ba ta gyara iyaka. Dattawan zango kuwa ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Dakta Busia ta Gana ta yi irin wannan doka a watan Nuwamba, Hausawa da Yarbawa dubbai da aka haifa a Kumasi da Ankara suka baro gidaje da rumfunan goro suka taho hannu rabbana. Wanda gemun kakansa ya taɓa kama wuta ba ya buƙatar a ce masa ya shafa wa nasa ruwa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsohon zance ne. A ƙarshen Agusta 2019, rundunar musamman ta Jihar Legas ta tare wata babbar mota a Agege ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga Jihar Jigawa. Aka tsare su, aka yi ta yayata hotunansu kamar an kama mahara, daga bisani aka sake su don ba a same su da laifin komai ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zuwa ko'ina a ƙasar nan ya zauna, ya kuma hana a kore shi daga cikinta. Haka nan al'amarin shige da fice da na zama ɗan ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Inda jami'in shige da fice ya yi rauni, nan ne kowane ɗan banga da kowace rundunar jiha kan naɗa kansu alƙalan wane ne ɗan ƙasa. Don haka ɗan Arewa mazaunin Kudu shi ya fi kowa riba in hukumar ta tsaya da ƙafarta, domin ƙwararren jami'i takarda yake tambaya, ba hula yake dubawa ba.

Ɗan siyasar da yake da'awar goyon bayan waɗannan jami'ai, ga inda za a gane gaskiyarsa. Ya tsaya a majalisa a ba su isassun motoci da na'urori da gidajen kwana a bakin iyaka. A riƙa biyansu albashi da alawus a kan kari, don kada yunwa ta mai da shingen bincike wurin karɓar na goro. A tura masu jin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Zabarmanci inda ake bukatarsu, har da Ikko. A hukunta wanda ya ci hanci ko ya ci zarafin ɗan ƙasa, a kuma kāre wanda ya ƙi bin umurnin da ya saɓa wa doka. A ɗauki ma'aikata bisa cancanta, kada a sake ganin irin abin da ya faru ran 15 ga Maris 2014, sa'ad da aka karɓi Naira 1,000 daga kowane mai neman aikin hukumar, aka tara samari da 'yan mata dubbai a filayen wasa, mutum fiye da 15 suka mutu a turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Yabo a kan dandamali ba ya sayen man mota.

Jama'ar zango ma akwai nasu nauyin. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro suka yi ta sauka a Agege, kuma al'adarsu ita ce baƙo yana da mai masauki, mai masauki kuma yana amsa wa Sarkin Hausawa. Wannan tsari bai kamata ya mutu ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na tasha su san wanda ya sauka a hannunsu, daga ina ya fito, wa ya tsaya masa. Kowane magidanci ya nemi lambar NIN da katin zaɓe da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, ya kuma ga cewa yaransa da ke acaɓa ko dako suna da nasu. Wanda aka san mugu ne kada a ɓoye shi don ana sallah sahu ɗaya, gama wake ɗaya shi ke ɓata gari.

'Yan'uwa na Nijar kuwa, yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, muddin ya bi ta ƙofar hukuma da takardar tafiya, bayan nan sai ya nemi izinin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an yanke wata shawara. Mai hankali ba ya jira sai an buga ƙararrawar mako biyu. Ya je ofishin hukumar da ƙafarsa ya gyara zamansa tun ana zaman lafiya.

A ba jami'in shige da fice haƙƙinsa da kayan aikinsa da girmansa, a bar shi ya bi doka. Duk ɗan siyasar da ya zo zango neman ƙuri'a yana kirarin tsaron ƙasa, a tambaye shi wanne ne nasa a cikin goyon bayan nan biyu. Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.