RA'AYINMU: Alkunya Ba Ta Hana Ɗaukar Ɗa

'Yan'uwa, rainon yaro kashi biyu ne: akwai abin da kowane jariri ke bukata ko a ina aka haife shi, akwai kuma abin da al'ada ta ɗora. A ƙasar Hausa ana goya yaro, ya kwana jikin uwarsa. A Amurka da yawa kan ware masa gadonsa. Wannan al'ada ce, kowa da tasa.

Amma shaƙuwa da jariri ba al'ada ba ce, bukata ce. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara jibge a gidajen marayu, ba mai rungumarsu, ba mai yi musu magana. Binciken da aka fara a Bukarest a 2000 ya nuna fahimtarsu da maganarsu sun koma baya, kuma waɗanda aka damƙa wa iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa.

To mu fa? Da sunan alkunya sai uba ya ƙi ɗaukar ɗan fari, ya ƙi wasa da shi. Alhali Manzon Allah (S) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane. Da Aƙra'u bin Habis ya ce 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Manzo ya gargaɗe shi a kan rashin jinƙai.

Matasa, ku ne iyayen gobe. In kunyar sunan kake ji, yi masa laƙabi. Amma ɗauke shi, yi masa magana, ya san ƙirjin ubansa. Allah Ya ba mu zuriya ɗayyiba.