Gargaɗi da Wa'adin Kwana 15 Kan Ƙarancin Ma'aikata a Ɗakunan Aikin Bugun Zuciya

Zuwa ga shugabannin asibitocin da muke aiki a Abuja.

Mu ma'aikatan ɗakunan gyaran bugun zuciya muna sanar da ku cewa ba za mu ci gaba da kwantar da majinyaci alhali hannuwa ba su cika ba.

Likitan da ke zura waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, domin ƙona inda bugun ke rikicewa, hankalinsa na kan wayar. Dole a sami nas mai miƙa masa kaya, da wata mai lura da numfashi da hawan jini, da masanin da ke karanta lantarkin zuciya, da mai sarrafa na'urar hoto, da likitan sa barci idan aikin ya buƙata. In zuciya ta tsaya, ko jini ya taru a jakarta, mintuna kaɗan ke raba rai da mutuwa. Nas ɗin da aka ɗora wa aikin mutum uku, wanne za ta saki?

A 2024 hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. A Abujan nan shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, har yau Nijeriya ba ta cika ba. Ma'aikatan da suka rage su ake tatsa.

Buƙatunmu:

1. A rubuta mafi ƙarancin adadin ma'aikata ga kowane aiki, da nauyin da ke kan kowa.
2. A cike gurbin duk wanda ya tafi, a daina janye ƙwararrunmu zuwa wasu sassa.
3. A ba kowa rigar darma mai kyau da ma'aunin tururin na'urar hoto.
4. A biya alawus na kiran dare, a ba da hutu bayansa.

Wa'adinmu kwana 15 ne daga ranar da takardar nan ta iso gare ku. Idan ya cika ba yarjejeniya a rubuce, za mu dakatar da duk aikin da aka tsara, mu tsaya kan na gaggawa kaɗai. In an ƙara kwana bakwai shiru, sai yajin aiki, kuma alhakin majinyata na wuyanku.

Ƙofar tattaunawa a buɗe take har wa'adin ya cika.

Sa hannu: Wakilan ma'aikatan sashen zuciya, Abuja