Su Koma Ina?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu 'yan siyasar Turai, wai 'yan gudun hijirar Yukren sun ji daɗin zama shi ya sa suka ƙi komawa gida. Mu kam mun ce wannan magana ba ta da tushe balle makama.

Tun daga ran 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, mutane fiye da miliyan 6 suka tsallake iyaka, galibinsu mata da yara, domin an hana mazan da ke tsakanin shekara 18 da 60 fita. A watan Maris na shekarar Tarayyar Turai ta ba su izinin zama da aiki na wucin gadi, aka yi ta tafi da guɗa. Da tafiya ta yi nisa sai masu masauki suka fara tsaki. A 2025 Polan ta ɗaura kuɗin tallafin yaransu a kan sharaɗin iyaye su kasance suna aiki. Ashe guminsu ake so, ba su ba!

To, su koma ina? Matar da ta fito daga Mariyufol, garin da ya faɗa hannun Rasha a Mayun 2022, ƙofar wa za ta buɗe? Bakmut ya zama kufai tun 2023. A 2025 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa sake gina ƙasar zai ci dala biliyan 524. Ga kuma yaron da ya bar gida yana shekara shida, yanzu Jamusanci yake karatu da shi, abokansa duk suna can. Uwarsa ta tumɓuke shi karo na biyu don wani ɗan majalisa ya samu ƙuri'a?

Ita ma gwamnatin Kiyef ba mu wanke ta ba. A Afrilun 2024 ta dakatar da hidimar ofisoshin jakadancinta ga mazan da suka isa aikin soja, wai ko matsi ya koro su gida. A Disambar shekarar ta kafa ma'aikata sukutum don jawo 'yan ƙasa daga waje, kafin shekara ta zagayo an haɗe ta da wata. Mun san ƙasar na bukatar mutanenta, sojoji da likitoci da malamai. Amma wanda aka hana wa fasfo a Balin ba a gina masa ɗaki a Karkif ba, ba a kuma hana makami mai linzami faɗa wa makarantar 'yarsa ba.