Littattafan soyayya: ku tace da aljihunku

Littattafan soyayya na Kano sun iso Tamanrasset ba tare da sun hau mota ba. Ta WhatsApp da YouTube suke shigowa gidajenmu a Tahaggart da sauran unguwanni, kuma ce-ce-ku-cen ya biyo su. Wasu na cewa labaran kishiyoyi suna zuga mata, wasu na cewa gaskiyar zaman aure ce aka rubuta.

Rigimar ba yau ta fara ba. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da mijinta ya kora da ’ya’ya tara bayan ya yi amarya. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafai a Kano. An daina rubutu? Ina! Sai ma ya koma waya, inda ashana ba ta kai.

Abin da ya canza shi ne yanzu mai karatu ke biyan marubuciya kai tsaye, shi ke matsa mata ta kawo kashi na biyu da na uku. Wanda ya zagi littafin batsa da rana, ya tura kuɗin ci gabansa da dare, shi ya raya shi.

Don haka, jama’a, ku sayi wanda ya faɗi gaskiyar halin da mata ke ciki, ku ƙyale na banza ya mutu da yunwa. Iyaye kuma, ku saurari littafin kafin ku ƙwace wayar.